Tiyatar zuciyar Bill Clinton: aiki ya yi kyau, amma bayan wata shida sai da aka koma ƙirjinsa

Ranar Litinin 6 ga Satumba 2004 aka shiga da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton ɗakin tiyata a asibitin Columbia-Presbyterian da ke New York, yana da shekara 58. Jijiyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini ne suka toshe, wasu ma toshewar ta haura kashi 90 cikin ɗari, shi ne aka yi masa aikin baifas guda huɗu, wato aka ɗebo jijiyoyi daga wasu sassan jikinsa aka jona su suka tsallake wuraren da suka toshe. Dakta Craig Smith ne ya jagoranci aikin, an yi wajen awa huɗu ana yi, kuma kwana huɗu kacal bayan nan aka sallame shi ya koma gidansa a garin Chappaqua da ke jihar New York. Duk wanda ya ga labaran lokacin cewa zai yi magana ta ƙare.

To ba ta ƙare ba. A Maris 2005 sai da aka sake kwantar da shi aka yi masa wani aikin a huhu, a Fabrairu 2010 kuma aka sake komawa kan jijiyoyin. Abin da ya sa lamarinsa ya dace a tsaya a duba shi ne, mutumin nan in ka ɗauko takardar da likitoci ke lissafa masu haɗarin samun matsala bayan tiyatar zuciya, kusan ba ya cikin ko ɗaya, ga kuɗi ga manyan likitoci ga kulawa irin wadda talaka ko a mafarki, amma duk da haka matsala ta same shi har sau biyu, kuma kowacce da irin dalilinta.

Bari mu fara da yadda ya kai kansa ga wuƙa. Watanni ya yi yana jin ƙirjinsa na ɗaurewa yana haki in ya motsa, yana ɗora laifin a kan gajiya da ƙwannafi da rashin motsa jiki saboda yawon tallan littafin tarihin rayuwarsa da yake yi a lokacin. Sai da abin ya zo masa yana zaune ba ya aikin komai sannan ya tafi asibiti, aka zura ɗan siririn bututu aka ɗauki hoton jijiyoyin aka ga abin da ke ciki. Dangin mahaifiyarsa suna da ciwon zuciya, shi kuma kowa a Amurka ya san shi da son baga, wato burodi mai nama a tsakiya, da soye-soye, shi da kansa ya amsa cewa akwai gado akwai kuma sakacin cin abinci na shekaru. Amma abin da ya fi ba ni haushi a labarin shi ne maganin kwalastaral, wato kitsen da ke yawo a cikin jini. A gwajin da aka yi masa a farkon 2001 dab da zai bar mulki, mugun kwalastaral ɗinsa ya kai 177, aka ɗora shi kan magani, da ya rage ƙiba ya ga lambar ta sauka sai ya ajiye maganin. Wannan ɗabi'ar kam ba ta Bature ba ce shi kaɗai, mutum ya sha maganin hawan jini wata biyu a auna a ce ya daidaita ya ce ai na warke, alhali maganin ne ya daidaita shi.

Sa'ar da ya yi ita ce bai kai ga bugun zuciya mai kashe tsoka ba. Tsokar zuciyarsa lafiyarta lau aka shiga da shi tiyata, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ƙarfin da zuciya ke harba jini da shi kafin aiki yana cikin manyan abubuwan da ke nuna yadda mutum zai farfaɗo. Lafiyayyar zuciya tana fitar da kamar kashi 55 zuwa 70 na jinin da ke babban ɗakinta na hagu a kowane bugu, wanda tasa ta faɗo ƙasa da 30 wannan lissafinsa daban ne tun daga cire shi daga injin har zuwa kwanakin da zai yi a ɗakin kulawa ta musamman.

An kwantar da shi ranar Juma'a amma ba a yi aikin ba sai Litinin, kuma ba wai don likitoci sun tafi hutun ƙarshen mako ba ne. An riga an ba shi Plavix, maganin da ke hana jini daskarewa, to in ka tsaga ƙirjin mutum maganin nan yana kan ganiyarsa a jiki jini ba zai tsaya ba. Shi ya sa ƙa'ida ita ce in hali ya yi a dakatar da shi kamar kwana biyar kafin aiki, amma ga mai jijiya da ta toshe kashi 90 jiran ma haɗari ne, sai likitoci su raba tsakani. Zubar jini bayan aiki ba wasa ba ce, cikin mutum ɗari akwai kamar biyu zuwa biyar da sai an mayar da su ɗakin tiyata an sake buɗewa an nemo inda jinin ke fita, kuma wanda aka sake buɗewa haɗarin ƙwayoyin cuta su shiga ciwonsa ya ƙaru, ƙarin jinin da za a yi masa da yawa ma yana da nasa nauyin a kan huhu da ƙoda. Matsala ɗaya ke janyo ɗaya. Wanda aka shigo da shi a gaggauce ba a samu damar jira ba shi ya fi faɗawa nan.

A aikin Clinton an tsayar da zuciyarsa na minti 73, injin da ke aikin zuciya da huhu ya riƙe shi. Likitoci suna lissafa mintocin nan sosai don jini in yana bi ta cikin robobin injin jiki yana ɗaukar abin kamar an kawo masa hari, sai kumburi ya tashi ko'ina, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ragu, ƙoda ta ɗan wahala, kuma duk yadda lokacin ya daɗe haka haɗarin yake hawa. Minti 73 a baifas huɗu ba dogon lokaci ba ne. Wanda za a haɗa masa baifas da canjin bawul, wato murfin ƙofar zuciya da ke hana jini komawa baya, a zama ɗaya, ko wanda aka taɓa buɗewa a baya tabo ya manne ko'ina, shi ne ke daɗewa.

Sauran abubuwan da ake dubawa sanannu ne, har akwai ma'aunai irin su EuroSCORE na Turai da na ƙungiyar likitocin tiyatar ƙirji ta Amurka da ake zuba bayanan mara lafiya su fitar da kiyasin haɗari. Tsufa, ciwon suga musamman ga mai allurar insulin, ƙoda mai rauni, huhun da taba ta cinye, ƙiba mai yawa ko rama mai yawa, toshewar jijiyoyin wuya ko na ƙafa, taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ƙarancin jini. Clinton ba mai suga ba ne, ba mashayin sigari ba ne na kara bayan kara, shekarunsa kuma ba su kai sittin ba. Dubi Neil Armstrong ka ga bambanci, mutumin da ya fara taka wata, an yi masa irin wannan aikin a Agusta 2012 a jihar Ohio yana da shekara 82, har ya fara tashi yana tafiya, da aka zo cire 'yan wayoyin wucin gadi da ake maƙalawa a zuciya don daidaita bugu sai jini ya ɓalle ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciyar, bai tashi ba, ya rasu 25 ga watan. Jikin ɗan tamanin ba ya yafe abin da jikin ɗan hamsin zai yafe.

Akwai wani zaɓi da aka yi wa Clinton wanda ya kamata a tsaya a kai, don yana da alaƙa da abin da ya biyo baya. Jijiyoyi biyu aka ɗauko daga cikin bangon ƙirjinsa, dama da hagu, sai kuma jijiya daga ƙafa. Jijiyar ƙirji ita ce mai ƙarko, sama da shekara goma kusan kashi 90 nata suna nan a buɗe, ta ƙafa kuwa wajen rabi sun toshe ko sun lalace a wannan tsawon lokacin. Don haka ga mai shekara 58 da ake sa ran zai daɗe, amfani da biyu dabara ce mai kyau. Amma jijiyoyin nan su ne ke ciyar da ƙashin ƙirji, in ka cire duka biyun ƙashin da ka tsaga ka ɗinke da waya ya rage samun jini, kuma a nan ne mai suga da mai teɓa da mashayin taba ke shiga uku, don ciwon yana iya ruɓewa har cikin ƙashi ya gangara bayansa. Mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari abin ke samu amma in ya samu mugun abu ne, ana iya yin makonni a asibiti, wasu ba sa fita. Shi ya sa likita zai iya ba Clinton biyu ya hana wata dattijuwa mai suga mai jiki, ba son kai ba ne. Shi ya sa kuma ake takura wa suga da insulin a kwanakin farko ko da mutum bai taɓa allura ba. Clinton ya tsallake wannan, ciwonsa ya warke lafiya. Sai dai ɗauko jijiyar ƙirji sau da yawa yana sa a huda ko a taɓa fatar da ke lulluɓe da huhu, kuma ta nan ne tasa matsalar ta ɓullo.

Kwanakin farko dai ba a ji wani abu ba. Rikicewar bugun zuciya da ke kama kusan mutum ɗaya cikin uku a rana ta biyu ko ta uku, ciwon huhu saboda mutum na tsoron tari don zafi kaki ya taru, ruɗewar da ke kama tsofaffi su daina gane 'ya'yansu na kwana biyu, duk an wuce wurin. Ranar 25 ga Oktoba, mako bakwai cif, sai ga shi a Philadelphia a kan mumbari yana yi wa ɗan takarar shugaban ƙasa John Kerry kamfen, ya rame amma yana magana. Ƙashin ƙirji yana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ya kama, wani har wata uku, a wannan lokacin ba ɗaukar kaya mai nauyi ba tuƙi, amma tafiya da ƙafa ana so, kuma ya riƙe ta, kullum yana taka wajen mil huɗu a unguwarsu.

A wannan tafiyar ne ya lura. In ya zo hawa tudu sai haki, ga kuma wani ɗan nauyi a gefen hagu. Ya faɗa wa likitocinsa, aka ɗauki hoton ƙirji aka ga ruwa ya taru tsakanin huhun hagu da haƙarƙari ya danne ƙasan huhun, har ya rasa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na aikin huhun nan.

Shi ruwan nan a karan kansa ba baƙon abu ba ne, gaskiya yawancin waɗanda aka yi wa baifas in ka ɗauke su hoto a makon farko za ka ga ɗan ruwa, galibi a hagu, kuma jiki yana shanye abinsa. Wajen mutum ɗaya cikin goma ne nasu ke yin yawa, sai a sa allura a zuƙe sau ɗaya ko biyu ko uku a wuce wurin. Na farko-farkon yawanci jini ne da ya tsiyaya lokacin aiki, wanda ke zuwa bayan wata guda kuma kumburi ne ke kawo shi, fatar huhun ce ke ta tsatsafo da ruwa. Inda abin ke lalacewa shi ne in ruwan ya daɗe zaune da kumburin tare, sai jiki ya fara gina tabo a kan huhun, tabon ya yi kauri ya taurare ya zama ɓawo, kamar ka naɗe balan-balan da leda mai kauri ka ce a hura. A wannan matakin ko ka zuƙe ruwan huhun ba zai buɗe ba, wurin zai sake cika ne kawai don akwai fili. Ba magani ba allura, sai an shiga an ɓare ɓawon da hannu.

Dakta Smith ya ce a cikin aikin baifas wajen 6,000 da ya yi, waɗanda abin ya kai su ga haka ba su wuce goma ba. To ka gani, wane ma'auni ne zai hango maka wannan? Babu. Ba suga ba ce ba tsufa ba ne ba taba ba ce, yadda jikinsa ya amsa rauni ne kawai. Wasu za su ce ai yawo ne ya ja masa, don a Fabrairu 2005 ya zaga ƙasashen da tsunami ta yi wa ɓarna, Tailan da Indonesiya da Siri Lanka da Maldibis, shi da tsohon shugaba Bush babba. Amma an riga an gano matsalar kafin ya tafi, likitocin ne suka ce ba gaggawa ya je ya dawo, kuma sun ce yawan harkokinsa ba su ne suka kawo ta ba. Ana gobe aikin ma yana Florida yana buga golf cikin ruwan sama a wasan tara kuɗin agajin tsunami. Ni a ganina a nan masu zargin sun yi kuskure, kuma kuskuren yana da illa, don irin wannan tunanin ne ke sa iyali su kwantar da mara lafiya a gado wata biyu ko bayan gida sai an riƙe shi, alhali kwanciyar ce ke kawo gudan jini a ƙafa da ciwon huhu da mutuwar jiki. Da Clinton kwance yake yini guda ana kawo masa abinci, yaushe zai san yana haki a tudu? Motsin ne ya tona matsalar.

Ranar 10 ga Maris 2005 Dakta Joshua Sonett ya yi aikin a wannan asibitin dai. An fara da 'yar kyamara ta ƙananan huji, sai aka tarar ɓawon ya yi kauri, a wasu wuraren har milimita 8, dole aka yanka tsakanin haƙarƙari aka shiga sosai. Kusan awa huɗu, daidai da tsawon aikin zuciyar kanta. Huhun ya buɗe, bayan kwana huɗu ya koma gida. Ba a sake tsaga ƙashin ƙirjin ba kuma ba a taɓa zuciyar ba, amma duk wanda aka taɓa yanka ta haƙarƙari zai gaya maka zafinsa ba ya kama da komai, sau da yawa ya fi na tsakiyar ƙirji.

A nan ne labarin ya shafe mu, don da yawa daga cikin mutanenmu da ake wa irin wannan aikin Indiya ko Masar ake kai su, a yi aiki a zauna mako biyu ko uku kuɗin otal ya ƙare a hau jirgi a dawo. Likitan da ya yi aikin yana can wata nahiya, takardun sallama suna cikin jaka ba wanda ya sake buɗewa, 'yan dubiya sun cika falo ana Allah ya ƙara sauƙi. Matsalar Clinton ba a mako na biyu ta fito ba, sai da aka yi watanni. In Alhaji ya fara haki a wata na huɗu za a ce ai jiki ne bai gama dawowa ba, ko sanyi ne ya kama shi a sayo maganin tari a kemis, alhali hoton ƙirji guda ɗaya da ake yi a kowane babban asibiti zai nuna ruwan tun yana matakin da allura za ta iya zuƙe shi. Tun kafin a tafi ya kamata a san wane likitan zuciya ne zai karɓe shi in an dawo. Kuma hakin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, zazzaɓi, ciwon da ya yi ja ko yake fitar da ruwa, jin ƙashin ƙirji na motsi yana ƙas-ƙas in an yi tari, ƙafa ɗaya ta kumbura, nauyi ya ƙaru kilo biyu cikin kwana biyu-uku, zuciya na dukan uku-uku ba tsari, ba abin da za a jira ranar da aka rubuta a kati ba ne.

Matsala ta biyu kuma iri daban ce, wannan ana iya hangota. Ranar 11 ga Fabrairu 2010, yana tsaka da zirga-zirgar Haiti a matsayin wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairu, ya ji ƙirjin ya fara irin na da, ya kwana biyu yana ji. Wannan karon bai ce ƙwannafi ba ne, ya kira likitansa Dakta Allan Schwartz. Aka duba aka ga ɗaya daga cikin hanyoyi huɗun da aka jona ta toshe gaba ɗaya. Ba a sake buɗe shi ba, ta bututu aka bi aka sa 'yan ragar ƙarfe guda biyu a asalin jijiyar tasa aka buɗe ta, washegari ya koma gida, kuma gwaji ya nuna zuciyar ba ta ji rauni ba. Schwartz ya ce ba abincinsa ko salon rayuwarsa ne suka jawo ba, yana shan magungunansa lambobinsa suna da kyau, hanyoyin da ake jonawa ne dama suna da wa'adi. Baifas ba ya cire ciwon, cutar da ke tara kitse a bangon jijiya tana nan, kuma sabuwar hanyar ma tana iya kama ta, musamman jijiyar ƙafa da aka ɗauko daga inda jini ke tafiya a hankali aka kai ta inda yake bugawa da ƙarfi, wasu ma a shekarar farko suke toshewa. Abin da ke ja musu kwana shi ne asfirin kullum, maganin kwalastaral ba fashi, riƙe hawan jini da suga, da rabuwa da taba kwata-kwata, wanda ya koma sigari bayan baifas kam ya ɓata kuɗinsa ne.

Bayan wannan ne Clinton ya sauya cin abincinsa kusan gaba ɗaya, ya bar nama da madara ya koma wake da ganye da 'ya'yan itace bisa shawarar likitoci irin su Dean Ornish, kafin bikin 'yarsa Chelsea a ƙarshen Yuli 2010 ya zubar da wajen kilo 11. Daga baya ya ɗan sassauta yana haɗawa da kifi da ƙwai jefi-jefi.